Ɗan Ƙasa Ba Baƙo Ba Ne A Ƙofar Ma'aikata

Duk wanda ya bi ta Sabo da ke Yaba da sanyin safiya, ko ta Zangon Agege, ko Idi-Araba, ko bakin kasuwar Mile 12, ba zai rasa ganin samarin Arewa a tsaye ko a tsugune ba, waɗansu da diga da shebur, waɗansu da takardun makaranta a hammata, kowa yana jiran wanda zai ɗauke shi aiki. Daga cikinsu akwai wanda zai dace tun kafin hantsi. Akwai kuma wanda zai je har ƙofar ma'aikata, a tambaye shi sunansa da jiharsa, da ya faɗa sai a ce masa an riga an cike gurbin, alhali kuwa yana nan tsaye za a shigar da wanda ya zo bayansa. Irin wannan mutum yakan koma masauki ya ce Allah ya isa, ya ɗauka cewa haka zaman baƙunci ya gada. To, ba haka dokar Nijeriya ta ce ba. Ya kamata a bayyana wa jama'a abin da ta ce, da inda ta tsaya, da kuma abin da ya rage a yi.

Da farko dai, ita kanta kalmar baƙo ba ta dace da Hausawan Legas ba. Tun a shekarar 1863 Bature John Glover ya kafa rundunar 'yan sanda masu bindiga da Hausawa a birnin Ikko, wadda daga cikinta ne sojan Nijeriya ya samo asali. Fataken goro sun kafa zango a Agege tun zamanin kakanni, kuma da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911 sai zirga-zirga ta ƙaru, shanu suna gangarowa, goro yana hawa. A yau akwai gidaje a Agege da Obalende da Ebute Meta waɗanda a nan aka haifi kaka, a nan aka haifi uba, a nan aka haifi jika, suna jin Yarbanci kamar yadda suke jin Hausa, haraji kuma ga Gwamnatin Jihar Legas suke biyansa. Wanda ya sauka daga mota jiya daga Jigawa ko Kebbi ma ɗan ƙasa ne, domin sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon ya zaga ko'ina a cikin ƙasar, ya kuma zauna inda ya ga dama.

Sashe na 42 na wannan Tsarin Mulki, wanda ya gaji sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1979, shi ne ginshiƙin maganar. Ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi, ko a fifita wani a kansa, saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko don kasancewarsa namiji ko mace. Ya kuma hana a nakasa mutum saboda yanayin haihuwarsa. Har ila yau sashe na 15 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a kowane yanki na Tarayya. Sashe na 17 kuwa ya ce manufar hukuma ita ce kowa ya sami damar neman abinci da aikin da ya dace da shi ba tare da bambanci ba, kuma waɗanda suka yi aiki iri ɗaya a biya su lada iri ɗaya. A waje ma Nijeriya ta ɗaure kanta. Ta amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya game da daidaita lada a 1974, ta amince da ta 111 wadda ta hana nuna bambanci a wajen ɗaukar aiki a 2002, ta kuma mayar da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam dokar cikin gida a 1983.

Mai karatu zai ce, in haka ne me ya sa ake ta kora mutane a bakin ƙofa? Amsar ita ce katangar tana da ɓaraka, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Sassa na 15 da 17 suna cikin Babi na Biyu, wanda shi kansa Tsarin Mulkin ya ce ba a kai ƙara kotu a kan rashin cika shi, watau manufa ce aka shimfiɗa wa masu mulki, talaka ba zai iya riƙe ta a gaban alƙali ba. Shi kuma sashe na 42, lafazinsa ya yi magana ne a kan doka da aikin hukuma. Saboda haka ne a 1991 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta fassara takwaransa na 1979 da cewa kariya ce daga gwamnati da jami'anta, bai shafi abin da mutum ya yi wa mutum ba. Daɗin daɗawa, ƙaramin sashe na 3 ya bar wa doka damar sa ƙa'idodi a kan naɗa mutane muƙaman gwamnati da aikin soja da na 'yan sanda.

Ta wannan ƙofa ce takardar shaidar asali, wadda jama'a suke kira takardar indijin, ta shigo ta zauna daram. Tsarin raba daidai da aka rubuta a Tsarin Mulkin 1979, aka kuma kafa masa hukuma ta musamman a 1996, an yi shi ne da kyakkyawar niyya, don kada wani yanki ya mamaye aikin Gwamnatin Tarayya, kuma babu mai musun cewa Arewa ta amfana da shi. Amma ma'aunin da aka ɗauka shi ne asalin uba da kaka, ba inda mutum yake zaune yana biyan haraji ba. Sakamakon haka, yaron da aka haifa a Agege, ya yi firamare da sakandare a Agege, idan ya nemi aikin gwamnati sai a ce ya kawo takarda daga ƙaramar hukumar kakansa. In ya yi kuɗin mota ya tafi Arewa, can ma sai dagaci ya ce bai san shi ba, bai san ubansa ba. Ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan matsala tun a 2006. A 2025 Mataimakin Shugaban Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya gabatar da ƙudurin ba mutum matsayin ɗan asalin jiha bayan zaman shekara goma, amma da surutu ya yi yawa sai ya janye shi.

A nan tilas ne a faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci, domin laifi tudu ne, kowa yakan taka nasa ya hango na wani. Fifita ɗan gida ba a Kudu kaɗai ake yinsa ba. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta bi manufar mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa, har akan gwammace a ɗauki Bature aikin kwantiragi da a ba ɗan Kudu kujera ta dindindin. Akwai dalilin da ya sa aka yi haka a wancan zamani, ganin yadda Arewa ta makara a ilimin boko. Amma al'adar ɗaukar malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti 'yan wata jiha a kan kwantiragi, ba fansho, ta daɗe a jihohin Arewa bayan dalilin ya gushe. A Gabas ma, a 2011 Gwamnatin Jihar Abiya a ƙarƙashin Gwamna Theodore Orji ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, yawancinsu kuwa Inyamurai ne 'yan'uwansu na maƙwabtan jihohi. Wanda yake son a yi wa ɗansa adalci a Yaba, wajibi ne ya so a yi wa ɗan wani adalci a Sabon Garin Kano.

Ƙasar nan kuwa ta taɓa nuna cewa za ta iya. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama Magajin Garinsu na farko. Ita ma Jihar Legas a yaba mata inda ta yi abin yabo. Ben Akabueze, mutumin Anambara, ya riƙe mata Kwamishinan Kasafin Kuɗi daga 2007 zuwa 2015, kuma a zangon farko na Gwamna Babajide Sanwo-Olu an naɗa Kabiru Ahmed Abdullahi, daga cikin jama'ar Arewa mazauna Legas, Kwamishina. Abin tambaya shi ne, in ana iya amincewa da ɗan wata jiha a kujerar Kwamishina, don me za a ƙi amincewa da shi a kujerar akawu ko direba?

Wani abin da yawancin leburori ba su sani ba shi ne, al'amarin shari'a ya sauya ƙwarai tun daga 2011. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 don sasanta rigingimun ƙungiyoyin ƙwadago, an ɗaga darajarta da gyara na uku da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010, wanda ya fara aiki a watan Maris na 2011. Sashe na 254C ya ba ta ikon sauraron duk wata ƙara da ta shafi aiki da ƙwadago, da albashin da aka hana, da rashin adalci ga ma'aikaci, da nuna bambanci ko neman mace da lalata a wurin aiki. Ya kuma ba ta ikon yin hukunci da yarjejeniyoyin duniya da Nijeriya ta amince da su. Kotun tana da reshe a Ikoyi, kuma ta nuna cewa ikon nan ba na ado ba ne. A watan Disamba na 2013 ta ci wani babban kamfanin kwamfuta da shugabansa diyya a Legas saboda korar wata ma'aikaciya da ta ƙi amincewa da neman banza, ta ce an keta mata sashe na 42, ko da yake kamfanin ba na gwamnati ba ne. A watan Janairu na 2023 reshenta na Akure ya soke ƙa'idar 'yan sanda ta 127, wadda a ƙarƙashinta aka kori wata 'yar sanda don ta yi ciki ba aure, alhali ba a korar namiji a kan irin wannan. Darasin da ke ciki shi ne, waɗanda suka ci nasarar nan ma'aikata ne da suka ƙi yin shiru.

Akwai kuma dokoki na musamman da suka kare waɗansu rukunonin jama'a. Dokar hana nuna wa masu ɗauke da cutar ƙanjamau bambanci ta 2014 ta hana a tilasta wa mai neman aiki gwajin jini a matsayin sharaɗin ɗauka, ta kuma hana a kore shi saboda cutar. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba naƙasasshe haƙƙin neman aiki daidai da kowa, ta kuma buƙaci ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ga aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu naƙasassu ne. Jihar Legas ta riga Tarayya yin tata tun a 2011, ta kafa ofishi na musamman don kula da su. Guragu da makafin Arewa da suke zaune a Ebute Meta da Agege suna cikin waɗanda waɗannan dokoki suka rufa wa asiri, in da za a sanar da su.

Ita kuwa Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ita ce uwar dokokin lebura, ta tanadi abubuwan da ya kamata kowane ma'aikaci ya haddace. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin wata uku ya cika, mai ɗauke da sunayensu, da ranar kama aiki, da irin aikin, da albashi, da sa'o'in aiki, da hutu. Sashe na 11 ya ƙayyade notis ɗin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye, sai fa in babban laifi ya aikata. Sashe na 9 ya hana a kori mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Sashe na 54 ya ba mace hutun haihuwa na mako goma sha biyu, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a bakin aiki, ya kuma hana a ba ta notis ɗin sallama tana cikin hutun. Mafi ƙarancin albashi, wanda aka fara da Naira 125 a 1981 zamanin Shugaba Shehu Shagari, an mayar da shi Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, Jihar Legas kuma ta yanke wa ma'aikatanta Naira 85,000 a shekarar ta 2024.

Duk da haka, rigar ba ta rufe kowa ba, kuma waɗanda ta bari a waje su ne yawancin masu karanta wannan shafi. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi aikin jinga da na kamasho ba. Dokar Ƙwadago ta cire wanda aka ɗauka ba don sana'ar maigidansa ba daga ma'anar ma'aikaci, abin da ya jefa maigadin gida da kuku da direban iyali cikin duhu, ko da yake suna da damar zuwa Kotun Ma'aikata neman albashin da aka danne musu. Babban giɓin kuwa shi ne na mai neman aiki. Dokar 1974 ba ta da wani sashe guda da ya fito fili ya hana mai kamfani ƙin ɗaukar mutum saboda ƙabilarsa ko addininsa ko jiharsa. Wanda aka kora bayan ya kama aiki yana da takardar sallama da abokan aiki da za su shaide shi. Wanda aka mayar daga bakin ƙofa don an ga gemunsa, ko hijabinta, ko an ji harshensa, ba shi da komai a hannu.

Waɗansu ƙasashe sun daɗe da toshe wannan giɓi. Amurka ta yi dokar 'yancin jama'a a 1964, wadda ta hana nuna bambancin launin fata ko addini ko jinsi ko asali a wajen ɗauka da kora, ta kuma kafa hukuma mai karɓar ƙara. Ingila ta faɗaɗa tata dokar ta kai ga wuraren aiki a 1968. Ba sai an tsallaka teku ba ma. Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ambaci mai neman aiki da kansa a cikin waɗanda ta kare. Ta Kenya ta 2007 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin ya nuna wa kotu cewa bai yi bambanci ba in an zarge shi, domin shi ne yake riƙe da takardu. Jamhuriyar Nijar, wadda ake kallon ba ta kai Nijeriya ƙarfi ba, ta rubuta a sashe na 5 na dokar ƙwadagonta ta 2012 cewa ba a duba jinsi ko asali ko addini ko naƙasa a wajen ɗaukar aiki da biyan lada da ƙarin girma. Babu dalilin da zai sa lebura a Maraɗi ya sami wannan kalma a rubuce, ɗan'uwansa a Apapa ya rasa.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa saboda abubuwan da suka faru a Legas a 'yan shekarun nan. A ƙarshen watan Agusta na 2019 jami'an tsabtace gari na jihar suka tare wata babbar mota a Agege, suka kama mutum 123 da suka taho daga Jigawa da babura 48, daga baya aka sake su ba a same su da laifin komai ba. Ran 1 ga Yuni, 2022, aka hana acaba ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, watau Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Tsibirin Legas da Legas Mainland inda Sabo take, a watan Satumba kuma aka ƙara Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin. Hukuma tana da ikon tsara hanyoyinta, kuma ba wanda zai ce haɗarin babur ƙarya ne. Amma samarin da aka sauke daga kan babur ba su ɓace ba. Da yawansu sun koma neman gadi da dako da leburancin gini da aikin masana'anta a Ikeja da Apapa, watau daga cin gashin kai sun koma ƙarƙashin wani. Mutumin da ya ga an kama shi don kawai ya shigo gari, ba zai yi saurin yarda cewa akwai ofishin da zai saurare shi ba.

Ofisoshin kuwa suna nan. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, wadda Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya fara shugabanta. Ba ta karɓar ko kwabo, tana da ikon binciken ma'aikatun gwamnati da kamfanoni masu rajista, amma sai an kai mata kuka kafin wata goma sha biyu ya wuce. Akwai Hukumar Agajin Lauyoyi ta Tarayya tun 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tun 1995. Jihar Legas tana da ofishin lauyan talakawa da ake kira OPD tun 2000, da cibiyar sasanta jama'a kyauta, kuma an kafa su ne don mazauna jihar, ba a ware 'yan asali ba. Akwai jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai kuma ofishin Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa a nan Yaba, tafiyar ƙafa daga Sabo. Abin da duk waɗannan wurare za su fara tambaya shi ne shaida. Saboda haka kamata ya yi ma'aikaci ya nemi takardar kama aiki, in an hana shi ya rubuta ranar da ya fara da sunan wanda ya ɗauke shi. Ya gwammace a biya shi ta banki, domin saƙon banki shaida ne. Ya mallaki lambar ɗan ƙasa da katin mazauna Legas. Kada ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Wanda aka mayar daga ƙofa kuma ya riƙe tallar aikin, da ranar, da abin da aka faɗa masa, da wanda ya ji.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigadi guda ba zai bar bakin ƙofa ya yi ta sintiri a Ikoyi ba. A nan ne nauyi ya hau kan Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Obalende da sauran unguwanni, da shugabannin kasuwanni, da limamai, da lauyoyi 'yan Arewa da Allah ya ɗaukaka a wannan birni. Fadar da take sasanta rigimar aure da ta bashi za ta iya ware rana guda a mako, a zaunar da mai ilimin doka, a buɗe littafi a riƙa rubuta koke-koken ma'aikata. Ƙara ɗaya da aka kai, aka bi ta har ƙarshe, za ta gyara halin masu ba da aiki da yawa. Ƙungiyar Ƙwadago ma, wadda 'yan Arewa irin su Ali Ciroma da Ayuba Wabba suka shugabanta, ya kamata ta tuna cewa lebura ba ma'aikacin ofis kaɗai ba ne. Su ma attajiran Arewa masu motocin haya da rumfuna a Mile 12 da mayankar Oko-Oba su duba yadda suke riƙon yaransu. Wanda yake hana ɗan garinsu lada don ya san ba shi da wurin zuwa, ba shi da bakin zargin wani da ƙabilanci.

Ga Majalisar Dokoki ta Tarayya kuwa, buƙatar a fili take, kuma wakilan wannan jam'iyya su ne ya kamata su kasance a sahun gaba. A yi doka guda wadda za ta hana nuna bambanci a wajen talla da ɗauka da albashi da ƙarin girma da sallama, ta hau kan gwamnati da kamfanoni baki ɗaya, ta ambaci mai neman aiki da sunansa. A ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare kansa in an kawo alamar zargi mai ƙarfi. A shigar da masu aikin gida cikin ma'anar ma'aikaci. A kuma sake duba maganar takardar asali, ta yadda wanda aka haifa a wuri, ko ya daɗe yana biyan haraji a can, zai iya neman aikin jihar da yake zaune. Tsoron da waɗansu al'ummomi suke yi na kada a mamaye musu sarauta da ƙasar gado abin saurare ne, kuma za a iya raba maganar sarauta da maganar aikin albashi. Gwamnonin Arewa kuma su fara da gida, su mayar da 'yan wata jiha da suka daɗe suna yi musu aikin kwantiragi cikakkun ma'aikata, domin da haka ne muryarsu za ta yi nauyi in sun yi magana a kan 'ya'yansu da ke Kudu.

Kafin a kai ga wannan, abin da yake hannu ma ba kaɗan ba ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a teburin mai shayi da bakin masallaci da tashar mota. Haƙuri halin kirki ne, amma barin haƙƙi ga azzalumi yana ƙara masa ƙarfin zaluntar na baya. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya sa wa talaka albarka a cikin guminsa, ya zaunar da Nijeriya lafiya. Amin.